Kogin Calawa: Hanyarsa da Tarihinsa

Kogin Calawa, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Challawa, shi ne babban kogin yammacin Jihar Kano. Mafarinsa yana cikin tuddan da ke kan iyakar Kano da kudancin Jihar Katsina. Daga can yake gangarowa gabas ta ƙasar Rogo da Ƙaraye, ya ratsa tsakanin Kabo da Ƙiru, ya wuce ta arewacin Madobi, ya gitta kudancin birnin Kano a Panshekara, sannan ya haɗu da Kogin Kano a kusa da Tamburawa. A wannan mahaɗa sunan Calawa yake ƙarewa. Ruwan da ya ci gaba, mutanen Wudil suna kiransa Kogin Wudil, a taswira kuwa Kogin Haɗeja ne. Yana bi ta Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su biyun su zama Kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Shi ne yake bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a yankin Diffa, har ya faɗa Tafkin Cadi.

Ke nan Calawa ba ya cikin kogunan da ruwansu ke kaiwa teku. Ruwan saman da ya sauka a gonakin Getso da Gwarzo da Kabo gabas yake nufa, kuma a cikin ƙasa tafiyarsa take ƙarewa. Idan aka ƙara gaba kaɗan yamma, a tuddan Funtuwa, ruwan can Gulbin Sakkwato da rassansa yake shiga, ko ya yi kudu ya faɗa Kogin Kaduna, duka su zube a Kwara, ita kuma ta kai su Tekun Atalantika. Tuddan da Calawa ya faro daga cikinsu su ne marabar ruwa tsakanin kwarin Cadi da kwarin Kwara.

Ƙasa da yanayi

Daga mafarinsa har zuwa Tamburawa, Calawa yana gudana ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke leƙowa sama a matsayin duwatsu da falale a wurare da dama na yammacin Kano. Ƙasar noman da ke kan wannan dutse ba ta da zurfi sosai. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, kaɗan ne ke nutsewa, mafi yawansa kwarara yake yi ya cika ƙoramu nan da nan. Gabas da Wudil kuwa ƙasar ta sauya. Yashi ne da laka masu zurfi da suka taru a kwarin Cadi tun zamani mai nisa, shimfiɗe take, babu gangara. A can kogin ba ya samun ƙarin kirki. Rarrabuwa yake yi, wani ruwan ya nutse, wani rana ta shanye, wani ya kwanta a fadamu. Yamma ke tara ruwan, gabas ke shan sa, kuma duk jayayyar da aka yi daga baya a kan rabon ruwan kogin daga nan ta samo tushe.

Ruwan saman da ke sauka a yankin yana kaiwa tsakanin milimita 800 da 1,000 a shekara, kusan dukansa daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi ƙarfinsa a markar Agusta. Sauran watannin shekara da wuya a sami ruwan sama. Saboda haka kafin a datse shi, Calawa kogin damina ne. Ruwan fari ya kan kawo jan ruwa mai laka da yayi. A Agusta da Satumba ya cika ya batse, ya malala cikin fadamu. Da kaka ya fara ja da baya, kafin tsakiyar hunturu ya tsinke ya zama gurabe nan da can. Da bazara babu abin da ake gani sai faffaɗan yashi fari, wanda mutum zai ratsa da ƙafa. Sai dai ruwan bai tafi duka ba. Yana nan kwance a ƙarƙashin yashin, idan aka tona kamu ɗaya ko biyu sai ya tsattsafo. Wannan ɓoyayyen ruwa shi ya riƙe mutane da dabbobi da rani shekaru aru-aru, kuma shi ya fara jawo hankalin masu aikin famfo a ƙarni na 20.

Rassansa a ƙasar Gwarzo da Kabo

Hausawa na cewa kogi bai ƙi yayyafi ba. Calawa ya girma ne da ƙananan rafuka da ƙoramun da ke zubo masa daga hagu da dama. Mafi yawan na arewa daga ƙasar Gwarzo da Kabo suke fitowa. A cikinsu akwai Magaga da Guzuguzu da Pada da Marashi, akwai kuma Kusalla ta wajen Ƙaraye. Mafi girma a cikin rassan arewa shi ne Watari, wanda ke bi ta Ɓagwai ya yo kudu, ya gitta titin Kano zuwa Gwarzo, sannan ya faɗa Calawa kafin ya isa Panshekara. A ɓangaren birni kuma akwai ƙoramar Salanta, wadda ke kwashe ruwan kudancin Kano. Jakara ba ta cikin rassan Calawa, don ita arewa maso gabas take yi da ruwan tsohon birni.

Waɗannan rafuka gajeru ne, masu saurin cika da saurin janyewa. Ruwan dare ɗaya ya isa ya hana mutanen ƙauye zuwa kasuwa da safe, kafin la'asar kuma yara suna wasa a cikin yashin. Saurin nan ne ke sa su cin gaɓa, suna tsaga gonaki suna barin kwazazzabai, musamman inda aka sare itatuwa. Amma kuma su ne suka shimfiɗa fadamun da tsofaffin garuruwan yankin, irin su Getso da Godiya da Gammo da Kabo, suka dogara da su wajen noman rani da kiwo.

Rayuwar bakin kogi kafin madatsun ruwa

Ambaliyar damina ita ce arzikin fadama. Duk shekara tana barin sabuwar laka mai albarka da danshin da ke daɗewa. A kwarin da ruwa ke kwanciya ana shuka shinkafa. Inda danshi ya zauna ana dasa rake da rogo da dankali. Da ruwa ya janye sai masu lambu su share fili, su yanka fangali, su sa albasa da barkono da gauta da alkama. Abin ɗaga ruwa a wancan zamani shi ne jigo, doguwar sanda da ake ɗorawa a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan. Mutum guda ya kan yini yana sunkuyar da ita yana ɗagawa, amma filin da zai iya shayarwa ƙanƙane ne. Wannan ya sa noman rani ya tsaya a siririn layi na bakin ruwa.

Fulani makiyaya suna da nasu rabo. Bayan an kwashe amfanin gona, shanu su ci karmami a tudu su bar taki, da rani ya tsananta kuma su gangara fadama inda ciyawa ke da sauran kore. Burtali da mashaya sanannu ne ga kowa, masu gari ke kula da su.

Su ma masunta lokaci suke bi. Da damina kifi ya hauro daga gabas ya yi ƙwai a fadamu. Idan ruwa ya tsinke, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu su maƙale a gurabe, sai a sa ranar su, jama'a su faɗa da homa da gora. Sarkin Ruwa ne ke tsara wannan, shi ke hana taɓa gurbi kafin lokaci ya yi. A manyan mashigai kuma akwai 'yan fito, waɗanda ke ƙetarar da mutane da kaya a kan manyan ƙoruka da goruna idan kogi ya kawo. Hanyar fatake daga Kano zuwa Zazzau ta Bebeji dole ta ƙetare Calawa, haka ma hanyar Kura da sauran garuruwan marina na kudu. Shi ya sa fatauci na nesa aikin rani ne. Ayarin da damina ta rutsa da shi ya kan yi kwanaki a gaɓa yana jiran ruwa ya sauka.

Kogin a zamanin sarakuna

Yadda kogi ke tsara tafiyar fatake, haka yake tsara fitar mayaƙa. Da damina doki ba ya ƙetare kogin da ya kawo, mutane kuma suna gona, don haka yaƙi sai da rani. Kwarin Calawa shi ne ƙofar Kano ta yamma, kuma ta nan aka yi wasu daga cikin karon da ya gudana tsakanin Kano da Katsina a ƙarni na 16 da na 17. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Abubakar Kado, wajen 1565 zuwa 1573, Katsinawa sun matso har suka yi sansani a Salanta, dab da ganuwar birni. A zamanin Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya koma Ƙaraye ya zauna, yana kai wa ƙasar Katsina hari daga can, ya tara dawaki da ganima har ƙarfinsa ya fara ba fada tsoro. Tun daga lokacin Ƙaraye ta zama babban garin tsaro na saman kogin. Zaman lafiya tsakanin biranen biyu ya samu ne a tsakiyar ƙarni na 17.

Jihadin farkon ƙarni na 19 ma a wannan yanki ya fara kama wuta a ƙasar Kano. Jama'ar da suka amsa kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando a yammacin birni, fafatawar farko kuma ta gudana ne a wajen Gammo da Kabo da Godiya, kafin Ƙaraye ta faɗa hannunsu. Daga baya aka ci rundunar Sarkin Kano Alwali a Ɗanyaya a 1807. Bayan kafuwar sabuwar daula yammacin Kano bai huta ba, domin Katsinawan da suka koma Maraɗi sun riƙa kawo hari ta wannan fuska. Garuruwa irin su Gwarzo da Ƙaraye sun zama ribaɗi masu ganuwa, inda manoman karkara ke fakewa idan an ga ƙurar mahara.

Turawa, jirgin ƙasa da famfo

Rundunar Ingila ma da rani ta zo. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ya fasa Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, ya yada zango a bakin Calawa, sannan ya ci birnin Kano ranar 3 ga wata, Sarki Alu yana Sakkwato. A wannan lokaci na shekara kogin ba ya iya tare kowa.

Shekara takwas bayan haka, a 1911, layin dogo ya iso Kano daga Baro, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Calawa shi ne babban kogi na ƙarshe da layin ke ƙetarewa kafin ya shiga gari, aka yi masa gada, aka kuma kafa tasha mai sunansa. Ta kan wannan gada gyaɗa da fatun ƙasar Kano suka riƙa tafiya Ikko, damina da rani. A hankali gadojin mota suka biyo baya, sana'ar fito ta ragu a manyan mashigai.

Babban sauyin da ya ɗaure kogin da birni ya zo ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kafin lokacin mutanen birni rijiyoyi da kududdufai suka dogara da su. Da kuɗin Baitulmalin En'e ta Kano aka yi aikin ruwa da lantarki wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1930. Tun da kogin ba ya gudana da rani, sai aka haƙa rijiyoyi cikin yashinsa a Panshekara, ana zuƙo ruwan da ke ƙasa, a tace, a tura shi tankin da ke kan Goron Dutse, daga can ya gangara cikin unguwanni. Dabarar da makiyayi ke yi da hannu ita aka yi da inji. An ƙara matata ta biyu a Calawa a 1974, ta uku a 1992, aka kuma gina wasu a Tamburawa, kusa da mahaɗar Calawa da Kogin Kano. Har yau kaso mai yawa na ruwan famfon Kano daga wannan yanki yake fitowa.

Fari da zamanin madatsun ruwa

Ƙasar Kano ta san yunwa tun da daɗewa. Tsofaffi sun daɗe suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya ɗauki tare ruwan damina a matsayin maganin abin. Ya fara da madatsar Bagauda, sannan aka gina Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Farin 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi a faɗin Sahel, ya ƙara wa wannan manufa ƙarfi. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita kuma jiha ta ci gaba da gina ƙananan madatsu ta hannun hukumarta ta WRECA.

A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka datse kusan duk manyan rassan Calawa na arewa. Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi kowanne ya sami dam na ƙasa, Kusalla kuwa ta riga su. An kammala na Watari a Ɓagwai a 1980, yana ɗaukar sama da kubik mita miliyan 100, kuma yana shayar da filayen noman rani da ke ƙasansa. Manufar waɗannan madatsu ita ce ruwan sha ga garuruwa irin su Gwarzo da Ƙaraye da Kabo, da ban-ruwa, da kamun kifi, da shayar da dabbobi.

A daidai wannan lokaci jigo ya fara ɓacewa. Hukumar raya noma ta jiha, KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur da gajerun rijiyoyin bututu da ake kafawa a fadama. Da inji guda manomi ya shayar da abin da jigo goma ba za su iya ba. Hana shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987 ya sa fadama ta ƙara daraja. Tumatir da attaruhu da albasa suka zama kayan lodin manyan motoci zuwa kudu. Sai dai filin da ya zama lambu ya fita daga hannun makiyayi, kuma toshe mashaya da burtali ya zama sanadin saɓani tsakanin manoma da Fulani a wurare da yawa.

Madatsar Calawa

Uwar kogin kanta an daɗe da niyyar datse ta tun shekarun 1970, amma aikin bai tabbata ba sai da kamfanin Julius Berger ya gina dam ɗin tsakanin 1990 da 1992, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An zaɓi wurin da kogin ya matse tsakanin tuddai a kusa da ƙauyen Turawa, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 904 da ke taruwa daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 3,857. Bayan Tiga babu madatsar da ta kai shi girma a jihar.

Ba kamar Tiga ba, wadda aka haɗa da babban aikin noman rani na Kadawa, ita madatsar Calawa ajiya ce da ake saki a hankali domin matatun ruwan Kano da aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Ma'ana, mafi yawan amfanin da aka gina ta dominsa a nesa yake. Mutanen da ke kusa kuwa, tafkin ya cinye gonaki da fadamu da ƙauyuka a ƙasar Ƙaraye da Rogo da Ƙiru, aka tashi jama'a aka sake musu matsuguni a tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari albarka ba. A gefe guda tafkin ya buɗe sabuwar sana'a. Su ya zama aikin kowace rana da kwalekwale da kalli da ƙugiya, masunta suka zo daga nesa suka zauna, kasuwar kifi ta kafu. Masu injin ban-ruwa kuma suna bin gefen ruwan suna noma yayin da yake ja da baya.

Ruwan da ya kwanta yana da nasa lahani. Sauro yana samun wurin hayayyafa duk shekara, tsargiya ta zama sananniyar cuta ga yaran da ke wanka a madatsu. Ƙauyukan da tafki ya raba da kasuwarsu sun koma dogaro da jirgin ruwa, wanda sau da yawa ake yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Ɓagwai ya kife a madatsar Watari, mutane da dama suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Akwai kuma matsalar laka. Duk ƙasar da ruwa ya zaizayo daga gonakin sama a cikin madatsu take kwanciya, tana rage musu ciki shekara bayan shekara, ƙananan madatsun yankin Gwarzo da Kabo kuma sun fi saurin cikewa saboda ba su da zurfi.

Abin da ya biyo baya a gangare

Tiga da Calawa tare suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja. Da wannan, ɗabi'ar kogin ta juya. Babbar ambaliyar Agusta ta ragu, yashin da ke bushewa da bazara kuma ya koma yana da ruwa duk shekara. Ga mai lambu a Madobi ko Wudil wannan alheri ne. Ga mutanen dausayin Haɗeja da Nguru, waɗanda shinkafarsu da kifinsu da kiwonsu suka dogara da malalar ruwa da janyewarsa, asara ce. Filin da ambaliya ke rufewa a can ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980 yana da hannu a ciki, madatsun ma suna da nasu.

Rashin bushewar kogi ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa. A da rani ne ke kashe ta. Yanzu tana tsaye shekara da shekaru, tana tare laka, tana toshe rafuka, ruwa ya karkata ya cinye gonaki da gidaje a wani wuri, wani wurin kuma ya rasa ko ɗigo. Cikinta tsuntsayen jan-baki ke sheƙa, su fito su cinye shinkafa da gero. Ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya ragu ƙwarai. A shekarun da damina ta yi yawa kuma, kamar 2001 da 2010, ambaliya ta yi ɓarna a Kano da Jigawa, aka yi ta muhawara a kan ko ruwan da ya fita daga madatsun ne ya tsananta ta. Don daidaita rabon ruwan ne jihohi shida da kwarin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka amince a 2006 da kafa asusun kula da kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe tare da gwamnatin tarayya.

Dagwalon masana'antu da ɗibar yashi

Kano ta shahara da jima tun zamanin da fatunta ke ƙetare Sahara. Da sana'ar ta koma ta inji, sai masana'antun jima da masaƙu suka taru a rukunin masana'antu na Sharaɗa da na Calawa, dukansu a kan gangaren da ke zubewa cikin kogin. Jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam da gishiri da wasu magunguna, kuma shekaru da yawa ruwan da aka gama aiki da shi yana fita ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Salanta, inda Katsinawa suka taɓa yin sansani, ita ce yau ke kwasar dagwalon Sharaɗa zuwa Calawa. Binciken jami'o'i ya sha nuna ƙarafa masu cutarwa a ruwan wannan sashe da lakarsa, alhali da shi ake ban-ruwan kayan lambu, a cikinsa ake su, kuma daga nan yake gangarawa Tamburawa, inda matatun ruwa suke.

Ɗibar yashi ita ce matsala ta biyu. Ginin birnin Kano yana cin yashi mai yawa, kuma tifofi suna kwasarsa daga Calawa da Watari kullum. Tun da madatsu sun tare sabon yashin da ke gangarowa daga sama, abin da aka ɗiba ba ya komawa kamar da. Gindin kogin yana zurfafa, gaɓa tana zubewa da gonakin da ke kanta, ramukan da aka bari suna cin mutane, ruwan da yashin ke ɓoyewa kuma yana raguwa.

Cikin shekara ɗari, Calawa ya tashi daga kogin da damina ke kawowa rani ya ɗauke, ya zama kogin da hukuma ke buɗewa da rufewa. Mutanen Gwarzo da Kabo da Ƙaraye ne ke zaune a inda ruwan ke taruwa, birnin Kano ke sha, manoman Haɗeja da Nguru da Gashuwa ke jiran ragowar. Yawan ruwan da kowannensu zai samu da tsabtarsa ya dogara ne da abu uku: kare ƙasar saman kogin daga zaizaya, tace ruwan masana'antu kafin a sake shi, da tsara sakin ruwan madatsu yadda zai dace da lokutan noma da su na mutanen gangare.